Minti Ashirin Ba Su Isa Auna Ɗan Ƙwallo Ba

A ranin da ya wuce, ɗan kawuna ya sayar da buhu biyu na albasar da ya noma da hannunsa, ya hau mota daga Amarawa ya tafi wani gari wajen tantance ’yan ƙwallo, abin da yara ke kira sikirinin. Ba zan faɗi sunan garin ba, ba kuma zan faɗi sunan ƙungiyar ba, domin abin da ya same shi ba a wuri ɗaya ake yin sa ba. Ya biya kuɗin fom, ya kwana uku a barandar wani shago tare da wasu yaran da suka zo daga nesa kamarsa. Ran na uku da la’asar aka kira lambarsa. Shi ɗan baya ne, lamba biyar yake bugawa tun yana firamare, amma da aka ƙirga aka ga ’yan baya sun yi yawa, sai aka ce ya je gefen dama a gaba. Minti ashirin ya yi a fili. Ya ce mini sau huɗu ƙwallo ta taɓa ƙafarsa. Washegari aka liƙa sunaye, babu nasa.

Da ya dawo na tambaye shi abin da suka ce ya rasa. Ya yi mini dariyar wanda ya ji tambayar wauta. “Yaya, wa zai tsaya ya hwaɗa maka komi? Wani mai tabarau ya dube mu, ya ce wanga ya yi, wanga bai yi ba. Shi ke nan.”

Kada mai karatu ya ɗauka na zo kukan an danne ɗan’uwana. Ban ce gwani ne ba. Mai yiyuwa masu tantancewar sun yi daidai da suka mayar da shi gona. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne babu wanda zai iya sanin sun yi daidai ko sun yi kuskure, har su kansu. Ba su rubuta dalilin ɗaukar wanda suka ɗauka ba, ba su rubuta dalilin korar wanda suka kora ba, kuma nan da shekara uku babu mai komawa ya duba ina waɗancan yara suka kwana. Mai tabarau zai ci gaba da cewa idonsa ba ya ƙarya, don ba a taɓa ajiye abin da za a kama shi da shi ba.

Sana’ata rubuta manhajar kwamfuta ce. A wannan aiki, in mutum ya ce manhajarsa tana aiki, ba a yi masa musu, ba a kuma yarda da shi. Gwaji ake yi, a ajiye sakamakon, kuma duk gyaran da wani ya yi akwai sunansa da ranar a jikinsa. Ranar da abu ya lalace, a koma baya a ga wa ya taɓa me. Ba don a kunyata kowa ake haka ba, don kada a maimaita kuskure ɗaya sau goma ne. Da wannan idon nake kallon yadda muke zaɓen ’yan wasa a arewa, kuma abin da nake gani sana’a ce da ake yanke wa yara hukuncin rayuwa a cikinta ba tare da ko littafin bashi irin na mai tireda ba.

Bari in kai mu nesa kaɗan, wurin mutanen da suka fi kowa kashe kuɗi a kan wannan tambaya. A Amurka akwai ƙwallon nan tasu mai siffar ƙwai, wadda ake wasanta da hular kwano. Babbar gasarsu, NFL, tana da ƙungiyoyi 32. Kowace shekara wajen ƙarshen watan Afrilu sukan zauna kwana uku su raba sababbin ’yan wasan da suka fito daga jami’o’i, zagaye bakwai, yara sama da 250. Ƙungiyar da ta fi kowa faɗuwa a kakar da ta wuce ita ke fara zaɓa. Tun 1936 suke wannan al’ada. Kafin ranar, ana tara fitattun yaran a birnin Indiyanapolis a auna tsawonsu da nauyinsu, a ɗauki lokacin gudunsu na yadi 40, a ƙirga sau nawa za su ɗaga ƙarfe mai nauyin kilo 102, likitoci su duba kowace gaɓa. Ban da wannan, kowace ƙungiya tana da ma’aikatan da aikinsu duk shekara shi ne bin wasannin jami’o’i, kuma kusan duk wasan da yaro ya buga akwai bidiyonsa.

To, da duk wannan shiri, me suke samu? A shekarar 2000 sai da aka zaɓi mutum 198 kafin ƙungiyar New England Patriots ta ɗauki Tom Brady. Gudunsa a ranar awo abin dariya ne, kuma an ɗauki mutum shida masu buga matsayinsa, wato mai jefa ƙwallo da jagorantar hari, kafin a waiwaye shi. Ya yi ritaya da kofin Super Bowl bakwai, abin da babu ɗan wasan da ya taɓa yi. A 2007 Oakland Raiders suka ɗauki JaMarcus Russell a lamba ɗaya, suka lamunce masa sama da dala miliyan 30, bayan kaka uku suka sallame shi. A 2021 San Francisco 49ers suka ba da zaɓinsu na zagayen farko na shekara uku don su hau lamba uku su ɗauki Trey Lance. Wasa huɗu kacal ya fara musu kafin su miƙa shi Dallas. Wanda ya kai su wasan ƙarshe a Fabrairun 2024 shi ne Brock Purdy, na 262 a zaɓen 2022, wato na ƙarshe ɗungurungum.

Wani zai ce ai labarai ne na tsinto masu daɗin faɗa. Gaskiya ne, shi ya sa bincike ya fi su amfani. Masana biyu, Cade Massey da Richard Thaler, wanda daga baya ya sami kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2017, sun bi diddigin zaɓen shekaru da yawa. Suka yi tambaya mai sauƙi: in an ɗauki yaro kafin wani mai buga matsayi ɗaya da shi, sau nawa na farkon yake fin na biyun? Amsar ita ce kusan kashi 52 cikin ɗari. Da kwabo aka jefa sama, kashi 50 za a samu. Wannan bai nuna cewa ba su san komai ba, domin a dunƙule ’yan zagayen farko sun fi ’yan zagaye na bakwai nesa ba kusa ba. Abin da ya nuna shi ne, tsakanin yara biyu masu kusancin ƙwarewa, ƙwararru masu bidiyo da likitoci da miliyoyin daloli da ƙyar suke fin mai canki-canka.

Yanzu a dawo da hankali kan mai tabarau. Mutanen da suka kalli yaro shekara uku ko huɗu suna wannan kuskuren, shi kuma ya kalli yaro minti ashirin, a matsayin da ba nasa ba, cikin abokan wasan da bai san ko sunansu ba, bayan kwana uku na rashin barci da cin garin kwaki, sannan ya ce ya gama sanin sa. Duk wanda ya taɓa shiga irin wannan fili ya san yadda wasan yake kasancewa. Babu mai ba wani ƙwallo, don kowa neman a gan shi yake. Mai yanka da ado shi ke jan ido. Ɗan bayan da ya iya tsayawa inda ya dace, wanda saboda tsayuwarsa hari bai ma taso ba, babu abin da za a gani a wurinsa. Abin da sikirinin yake aunawa shi ne iya nuna kai cikin hargitsi, kuma wannan ba shi ne abin da ake buƙata a wasan lig na wata tara ba.

Mu ’yan kallo ma ba mu tsira ba. Da zarar Kano Pillars ko Katsina United ko Sokoto United sun fitar da jerin sababbin ’yan wasa, kafin magariba an gama shari’a a Facebook da gidajen kallo. Wannan ya ce an kwaso gwanaye, wancan ya ce an kwaso tarkace, alhali yawancin masu maganar ba su taɓa ganin yaran suna taka leda ba. Amurkawa ma suna da wannan cutar, har maki suke bayarwa washegarin zaɓe kamar takardar jarrabawa. A 2012 masu sharhi da yawa sun yi wa Seattle Seahawks ba’a, akwai ma wanda ya ba su makin faɗuwa. A cikin yaran da aka raina akwai Bobby Wagner da Russell Wilson, wanda aka ce ya cika gajarta. A Fabrairun 2014 suka ɗauki Super Bowl da ci 43 da 8. Bambancinmu da su ɗaya ne: nasu makin yana nan a rubuce, duk shekara ana tono shi ana yi wa mai shi dariya. Namu iska ke tafiya da shi.

Na san karin maganar da za a jefo mini: Juma’ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Wani lokaci haka ne. Amma mutanen da suka faɗi wannan su ne kuma suka ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba’in da yatsa. Tarihin ƙwallonmu ya fi goyon bayan ta biyun.

Najeriya ta ɗauki kofin duniya na ’yan ƙasa da shekara 17 har sau biyar: 1985, 1993, 2007, 2013 da 2015. A 2009 mu muka karɓi baƙuncin gasar, har Kano da Kaduna da Bauchi aka buga wasanni, Suwizalan ta doke mu ɗaya da nema a wasan ƙarshe a Abuja. Gwarzon gasar namu ne, Sani Emmanuel. A wannan gasar akwai wani yaro ɗan Burazil mai suna Neymar, wanda ƙasarsa ko zagayen rukuni ba ta tsallake ba. Da an tara masu tabarau na duniya a ranar rufe gasa an ce su zaɓi ɗaya, da yawansu Sani za su nuna. Ya je Lazio ta Italiya bai samu gurbi a babbar ƙungiyar ba, sauran labarin Neymar kuwa ko yaran Amarawa sun haddace shi. Ban kawo wannan don in rage wa Sani daraja ba. Abin da ya yi a makonnin nan uku ya yi shi. Makonni uku ne dai ba su isa faɗin shekara goma ba.

Labarin Victor Osimhen ya nuna ɗaya fuskar. Ya ci ƙwallo 10 a gasar 2015 a Chile, kowa ya ce an samu. Ya je Wolfsburg ta Jamus ya kasa cin ko ɗaya, kowa ya ce ashe ƙarya ce. A 2018 ƙungiyoyi biyu na Beljiyam suka gwada shi bayan ya tashi daga zazzaɓin cizon sauro, suka ƙi ɗaukarsa. Charleroi ta karɓe shi aro, daga nan Lille, daga nan Napoli, inda ya ci 26 a kakar 2022 zuwa 2023 ya taimaka musu suka ɗauki kofin lig na Italiya karon farko tun 1990, ya kuma zama gwarzon Afirka na 2023. Waɗancan ƙungiyoyi biyu sikirinin suka yi masa, sun auna shi a makon da jikinsa ba nasa ba ne. Yara nawa muka kora a makon zazzaɓinsu?

Sannan akwai matsalar shekaru, wadda kowa ya sani amma ake magana a kanta ƙasa-ƙasa. Auna matashi ba shi da ma’ana in ba a san shekarunsa ba, domin ɗan ashirin da uku a cikin ’yan sha shida dole ya yi kama da gwani. A watan Agustan 2016, ana dab da wasan neman gurbi da Nijar, na’urar MRI mai duba ƙashin wuyan hannu ta fitar da yara 26 daga sansanin Najeriya. Muka ci ɗaya da nema a Abuja, aka ci mu uku da ɗaya a Yamai, masu riƙe da kofin duniya suka zauna gida. Mu da ke bakin iyaka mun sha tsiya a bakin ’yan’uwanmu na Ƙonni, kuma sun cancanci yin ta, don a 2017 sun je Indiya har suka kai zagayen ’yan 16. Na’urar ma tana iya kuskure, amma an koma gare ta ne saboda ba a yarda da takardunmu ba. Yaron da aka yi wa rajistar haihuwa a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa tun yana jariri, wanda sunansa ke cikin rajistar firamare da ta sakandare, ba ya buƙatar rantsuwar kotu. Wanda ya rage shekaru ba ƙungiya kaɗai ya cuta ba, gurbin wani yaron gaske ya cinye.

Abin mamaki, mu mutanen wannan yanki mun san yadda ake auna abu in dukiyarmu ce a ciki. A je karar Illela ranar Lahadi a ga mai sayen sa. Zai buɗe baki ya duba haƙori, ya sa a ja dabbar ta yi tafiya, ya tambayi daga inda ta fito da wanda ya yi kiwonta. Dillalin da ya haɗa shi da dabba mai ciwo ya san mako mai zuwa za a neme shi, kuma in ya yi haka sau uku ya rasa kasuwa. Manomin albasa ba ya yabon iri ranar da ya saye shi, ko da an rantse masa ’yar Galmi ce ta asali. Sai an cire, an zuba a rudu, an ga wadda ta jure ajiya. Badi kuma ya san wurin wanda zai koma da wanda ba zai koma ba. Dillalin ƙwallo ne kaɗai a ƙasar nan yake cin la’ada ba a dawo masa da kaya.

Ko kokawa, wadda ’yan boko ke yi wa kallon wasan ƙauye, ta fi mu tsari. A Nijar, gasar takobi da aka fara a Tawa a 1975 tana haɗa jihohi takwas, kowace da ’yan kokawa goma. Kafin mutum ya shiga cikin goman nan sai ya yi kaye a fili, a gaban jama’a, mataki bayan mataki. Da Issaka Issaka na Doso ya ɗauki takobi har sau shida, babu wanda ya ce ɗan wane ne ko takardar wane ya kawo. Na san kokawa mutum biyu ne, wanda ya faɗi kowa ya gan shi, ƙwallo kuwa mutum ashirin da biyu ne, gudummawar kowa a cakuɗe take. Wannan dalili ne na a ƙara tsawon kallo a ƙwallo. Mu kuma sai muka rage shi.

Zan yi wa masu ido adalci. Tsohon kocin da ya shekara talatin a fili yana ganin abin da ni mai kwamfuta ba zan gani ba: yadda yaro ke waiwayawa kafin ƙwallo ta iso shi, yadda yake yi bayan ya yi kuskure. Lissafi ma yana ruɗi. Ƙwallo goma a gasar unguwa ba daidai suke da goma a Firimiyar Najeriya ba, kuma agogon gudu ne ya sa Amurkawa suka raina Brady. Don haka ban ce a kori ido a kawo na’ura ba. Cewa nake ido ma a gwada shi. Koci zai gaya maka shi ya gano wane da wane, kuma gaskiya ya faɗa. Ba zai gaya maka arba’in ɗin da ya ɗauka suka ɓace ba, ko goman da ya kora suka yi suna a wani wuri, don shi ma ya manta da su. Zuciyar ɗan’adam haka take, tana adana nasara ta zubar da sauran. Takarda ce ba ta da wannan halin. In idon gaske ne, rubutu zai tabbatar da shi, mai shi ya ƙara daraja. Wanda rubutu zai tona shi ne mai ɗaukar yaro saboda katin wani babba ko saboda ambulan, ya fake da cewa ido ne.

Za a ce babu kuɗi. Ban nemi a gina mana Indiyanapolis a filin Giginya ba, kuma tsarin rabon ’yan wasa irin na Amurka ba zai zauna a ƙwallon ƙafa ba, inda yaro ke da ’yancin zaɓen ƙungiya, jami’o’inmu kuma ba su ne matattarar ’yan wasa ba. Abin da nake nema littafi ne mai shafi tamanin da wayar da ke aljihun kowane sakataren ƙungiya. Kowane wasa a rubuta wa ya buga, a wane matsayi, minti nawa, wa ya ci, wa ya bayar aka ci, wa ya ji rauni. A ɗora waya kan sanda a ɗauki bidiyon wasan kusa da na ƙarshe da na ƙarshe. Jihar Sakkwato tana da ƙananan hukumomi 23, kuma da wuya a sami wadda ba a yin gasar unguwanni ko kofin shugaban ƙaramar hukuma a cikinta. Da ana ajiye wannan bayani shekara uku a jere, da mai neman ɗan baya zai zo Illela da sunaye biyar a hannunsa, maimakon yara ɗari biyar su bi shi da kuɗin albasarsu.

Kuma rubutun nan kuɗi ne, ga wanda sai an ambaci kuɗi yake saurara. A dokar FIFA, in aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, kashi 5 cikin ɗari na kuɗin ana raba shi ga ƙungiyoyin da suka rene shi tsakanin shekara 12 zuwa 23. Akwai kuma diyyar horarwa da ake biya lokacin da ya fara sa hannu a matsayin ƙwararre. Tun 2022 FIFA ta buɗe ofishi na musamman da ke bin wannan kuɗi ya kai wa masu shi, amma da rajistar ɗan wasa yake aiki. Kocin da ya shekara biyar yana saya wa yaro takalmi da koko da ƙosai, in ƙungiyarsa ba ta da rajista, yaron kuma ba a shigar da sunansa ba, ko sisi ba zai gani ba. Sai dai ya riƙa nuna talabijin yana cewa ɗana ne.

Muna da misalin yadda ake yi daidai, a gida. Ahmed Musa kaka guda cur ya buga wa Kano Pillars, ya ci ƙwallo 18 a 2009 zuwa 2010, gida da waje, a gaban kowa, kafin VVV-Venlo ta Holan ta ɗauke shi. Masu sayensa ba su dogara da yammaci ɗaya ba. Shehu Abdullahi, ɗan Sakkwato, ta Pillars ya bi ya fita waje, ya ci tagulla a wasannin Olamfik na 2016, ya je kofin duniya na 2018. Wannan ya isa shaida cewa ƙasar nan tana haifar ’yan ƙwallo. Tambayar ita ce nawa irinsa suka tsaya a gefen dama na minti ashirin suka koma gida.

Ga abin da nake kira a yi, kuma kowanne ana iya fara shi a kakar da ke tafe. A daina karɓar kuɗin fom daga yara. Ƙungiyar da ke neman ma’aikaci ita ke da buƙata, kuma muddin taron yana kawo kuɗi, yawan yara za a riƙa nema ba nagartarsu ba. A rage yawan waɗanda ake gayyata, a riƙe su mako uku ko huɗu, kowa ya buga matsayinsa cikin wasanni da yawa. Duk yaron da aka ɗauka a rubuta sunan wanda ya kawo shi da dalilinsa, wanda aka kora a zagayen ƙarshe shi ma a rubuta, a kuma gaya masa dalilin baki da baki. Bayan shekara uku shugabannin ƙungiya su buɗe littafin su ga zaɓin wa ya yi albarka. Ƙungiyoyin jiha da kuɗin jama’a suke tafiya, don haka ’yan jarida da magoya baya suna da hakkin ganin wannan littafi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Mu ma masu sharhin waya akwai namu rabon. Duk wanda ya rubuta cewa sabon ɗan wasa tarkace ne tun bai buga wasa biyar ba, a ɗauki hoton maganarsa a ajiye, a tuna masa a ƙarshen kaka. Yaron da kake zagi yana da waya, yana karantawa, kuma wataƙila wata uku ke nan ba a biya shi albashi ba.

Wani dattijo da nake girmamawa ya ce mini in bar wannan magana, ƙwallo rabo ce, mai rabo ko a ina yake za a gan shi. Na ce masa Baba, noma ma rabo ne, amma ban taɓa ganin ka shuka irin da ba ka san asalinsa ba. Ya yi shiru, sannan ya ce in je in yi abin da nake faɗa in ba surutu ba ne.

Na yi. Na buɗe wa ƙungiyoyin unguwarmu jadawali a waya, na ba yara biyu masu son lissafi aikin cikawa bayan kowane wasa. Ba wata fasaha ba ce, duk wanda ya gama sakandare zai iya. Mun fara da sunaye da ranakun haihuwa kamar yadda suke a rajistar makaranta, kuma tun a nan mutum uku suka ce ba su yarda a rubuta su ba. Ɗan kawuna yana ciki, lamba biyar, mintinsa ana ƙirgawa. Nan da shekara biyu zan iya gaya masa ko ya ci gaba ko ya riƙe albasarsa da kyau, kuma in na yi kuskure akwai sunana a jikin shafin.